Mataki na Arba'in da Bakwai

A Valparaíso gidaje na hawa kan juna
kamar kwanonin da aka kife bayan wanki.
Can sama, inda iskar teku ke kaɗa shanya,
Eleodoro Oyarzún na zaune da allon gilashi a cinya.
Shekara arba'in yana ɗora dutse kan dutse.
Yanzu hannun damansa na rawa,
ko cokali sai ya yi masa gardama.

Jikarsa Maite ce ta saka masa wasan.
Ta ce, "Kaka, ga jan ƙwallo, ga kofi can ƙasa,
ga katako biyu, ga igiya, ga dutse.
Jera su yadda ƙwallon zai gangara ya faɗa kofi."
Ya ce, "Wasan yara."
Ya haye mataki goma kafin shayinsa ya huce.

Na arba'in da bakwai ne ya tsaya masa a maƙoshi.
Kwana tara.
Ya jingina katako, ƙwallo ya zame hagu.
Ya karkata shi faɗin farce,
ƙwallo ya daki bango, ya tsallake kofi,
ya nutse cikin baƙin da ba shi da gindi.
Ya ɗaura dutse a igiya ya sake shi,
lilon ya riga ƙwallo isowa,
da ya gyara kuma sai ya makara.
A gefen allo wata ƙaramar lamba
na gaya masa mutum dubu goma sha ɗaya
sun wuce ta nan,
daga garuruwan da ko sunansu bai iya faɗa ba.
Ya yi tsaki.
"Su waye? Akwai wanda ya taɓa riƙe ma'auni a cikinsu?"

Yakan rufe ido ya juya wurin a kansa,
ya leƙa shi ta baya, ya leƙa ta ƙasa,
yadda yake yi wa fili kafin a haƙa tushe.
Nauyi dai ba ya ƙarya, ya sani.
To wa ke yi masa ƙarya?

Daren na goma ƙasa ta ɗan girgiza,
irin wadda mutanen nan ba sa tashi dominta.
Tagogi suka yi ƙara, kare ya yi haushi sau biyu.
Wani lemo a kan tebur ya kama hanya.
Bai miƙe ba.
Ya kewaye gwangwanin sukari,
ya bugi gefen rediyo, ya dawo da baya,
ya tsaya a bakin tebur kamar mai shawara,
sannan ya sauka cikin hular da ke kan kujera.

Tsohon ya daɗe yana kallon hular.

Ya ɗauki allon.
Katakon da ya sa don kare ƙwallo daga bango,
wanda ya kwana tara yana lallaɓawa,
ya ja shi da yatsa mai rawa ya ajiye gefe.
Igiya ma ya kwance.
Ya bar katako ɗaya da dutse a matsayin tokari.

Ƙwallo ya gangaro,
ya daki bangon nan da dukkan ƙarfinsa,
bangon ya maido shi a hankali,
ya yi zagaye ɗaya a leɓen kofi,
tsoho ya riƙe numfashi,
ƙwas.

Maite na barci a ɗaki, littafi a fuskarta.
Ya buɗe baki zai kira ta, ya fasa.
A ƙasa, tashar jiragen ruwa ba ta kwana,
ƙugiya na ɗaga akwatin ƙarfe tana nema masa wuri.
Allon ya buɗe na arba'in da takwas:
ruwa, da wili, da ƙwallo biyu.

Ya ce, "Sai da safe."
Ya zaro lemon daga hula
ya fara ɓare shi, ɓawon na tsinkewa a hannunsa.