Ɗigo

A Aboabo, bayan shagon mai gyaran rediyo,
Cindo ya girka injin da ya saya a gwanjo.
Rabin kuɗin nasa, rabi na Boakye, malamin makaranta
da ya shekara bakwai yana ɓare goro yana ƙirga tsutsa.
Littafin farko ke nan, shafi ashirin da huɗu.
Fatake suka saya don hoto,
suka karanta don asara ta ishe su.

Haruffan dalma sun ƙetaro teku babu lanƙwasa.
Cindo ya zauna da magagari
yana yi wa ka da da ƙaho har azahar ta wuce shi.

Ni ce 'yarsa, Tasalla. Ina sha uku
aka ɗora ni kan akwatin takarda, aka ce, duba.
Na duba ruwan saman Kumasi na shekara goma, layi layi.
Na duba sunayen sauro cikin harshen da masu shi suka ƙare.
Likitoci suka fara zuwa, sai masu auna ƙasa,
kowa da rubutunsa a hammata kamar mai kai jariri awo.
Boakye ba ya buga na kowa
sai masana biyu sun tankaɗe shi sun rairaye.
Wasu suka yi fushi. Wasu suka dawo da gyara.

Shekarar littafin maganin kaji na yi gyangyaɗi.
Ɗigo ya faɗi tsakanin ɗaya da biyar,
ɗaya da rabi ya zama goma sha biyar.
Kwafi ɗari shida sun riga sun fita.
Baba bai daka mini tsawa ba. Ya miƙo alƙalami.
Mako uku muna bin Kejetia rumfa rumfa,
muna sallama a gidajen Asawase,
muna ɗiga tawada a shafi na tara.
Wata tsohuwa ta nuna mana akurkinta wayam.
Ya biya ta, bai yi ciniki ba.

Daga baya ambaliya ta ci takardar shekara guda.
Boakye ya rasu. Idon Baba ya yi yana.
Wani kamfani daga nesa ya sayi sunan, ya bar mana injin,
kaji na kwana a ƙarƙashinsa yanzu.

Jiya jikata, mai karatun haɗa magunguna,
ta nemo aikin Boakye a wayarta.
Aka ce ta biya kafin ta wuce shafin farko.
Na tashi na buɗe adaka, na ba ta na takarda.
Gara ta taɓa gefensa, amma lambobin na nan.

Ƙasan adakar akwai gwangwanin madara.
Ciki ɗigon nan ne, na dalma, bai kai ƙwayar gero ba.
Na tsince shi a ƙarƙashin injin
bayan mun gama yawo.