Ruwan da Ba Ya Jiƙa Hannu

A Felixstowe, layi na uku daga bakin teku,
a ɗakin baya inda hita ke tari,
Desmond Thorley ya shekara cur
yana haɗa jirgin da bai wuce taƙi guda ba.

Jirgin sama ne, amma babu taya.
Kwale-kwale biyu aka ɗaura masa a ƙafa,
irin wanda ubansa ya riƙa wanke wa gishiri
tun ba a haifi uwata ba.

Ni aikina magani da shayi,
takwas in zo, sha biyu in tafi.
Amma na ga hantsaki ya ɗauko kujerar matuƙi
da ba ta kai ƙwayar masara ba.
Na ga wayar fiffike, gashin doki ya fi ta kauri.
Na ga tsatsar da aka zana da gangan
daidai inda gishiri zai ci, da jirgin gaske ne.
Ɗaya bisa arba'in da takwas, in ji shi.
Na ce, wahalar ma haka aka rage ta?
Ya yi dariya har tabarau ya zame.

Jirgi ya haɗu. Ruwa ya gagara.

Sau uku yana zuba ƙaro a akwatin katako.
Na fari ya fito shuɗi kamar bokitin roba.
Na biyu ya yi kumfa, sai ka ce an kaɗa omo.
Na uku ya kwanta sumul,
jirgin ya zauna a kai
kamar ƙuda a kan faranti.

Rannan ko kwat ban cire ba na ce:
Baba, ni ɗan Sarkawa ne,
a Yawuri aka binne cibiyata.
Ruwa ba shi da launin kansa, aro yake yi,
rabi wajen laka, rabi wajen sama.
Kuma ba ya ɗaukar kaya a ka.
Sai ya haɗiye ƙafar abu
kafin ya yarda ya riƙe shi.

Muka shafe gindin akwati da launin tsohuwar kuka,
muka ɗiga toka-toka inda zurfi yake.
Muka nutsar da ƙafafun jirgi zuwa rabi,
ya kau da kai, don wata biyu ya yi yana fentinsu.
Zubi kaɗan, jira kwana. Zubi kaɗan, jira kwana.
Mai gaggawa ba ya gina kogi.

Saura igiyar ruwa.
Ya dubi hannunsa da ke rawa tun bara,
ya miƙo min tsinken sakace: kai yi.
Na ja layi, na ja layi,
sai ga kunya-kunya kamar gonar dawa.
Ni da na yi cika baki.

Ya karɓe tsinken don ya nuna min kuskurena,
hannun ya ƙi tsayawa, kamar kullum.
Ya yi tsaki zai janye,
na riƙe masa gwiwar hannu, na ce ci gaba.
Duk inda rawar ta taɓa,
ruwa ya yamutsa fuska irin ta hantsi
in iska ta biyo ta kan Neja ba sallama.
Ba ɗaya da ta yi kama da 'yar'uwarta.

Bai ce komai ba.
Shayinsa ya huce, ban tuna masa ba.

Yau ya bushe.
Farfela tsaye, matuƙi na duban gaba,
'yar auduga na fari a bayan ƙafar hagu.
Da na zo tafiya na faki idonsa,
na dangwala yatsa a gefen jirgin.
Tauri kamar dutse.

Sai a bakin ƙofa na kama kaina
ina goge yatsan a jikin wando.