Mu Tara Muka Ɗaga Dutsen

Mu tara ne, ba bakwai ba kamar yadda ake faɗa.
Shekarar da ruwa ya ci Obalende har gwiwa
aka rushe wani tsohon bene a Epetedo,
aka ba mu diga da shebur da kwanon sarki,
aka ce mu haƙa sai mun tarar da ruwa.

Rana ta huɗu digar Nomau ta yi ƙara,
irin ƙarar da ƙasa ba ta yi.
Dutse ne kwance, faɗinsa kamar ƙyaure.
Muka sa ƙarfe, muka yi salati, ya ɗaga.
Ba zinariya, ba gunki.
Ƙasusuwa ne, da jan murjani inda wuya yake a da,
da tsagaggen tulu, da 'yar ƙaguwa tana neman mafaka.

Iya Sikira mai wake ta saki ludayi,
ta ɗora hannu a ka, ta zuba Yarbanci,
tafinta ya ƙara nasa gishirin.
Kafin la'asar mamacin ya zama basarake,
kafin isha ya zama boka da aka binne da rai.

Mako uku, zazzaɓi ya kwantar da Barau, bai tashi ba.
Sauron ƙarƙashin gadar da muke kwana
ba ya tambayar wa ya taɓa kabari,
amma aka ce: ɗaya.
Injiniya Kolawole, mai hawan jini tun ba mu san shi ba,
ya kife a kan teburinsa da damina ta zagayo.
Aka ce: biyu.
Ilu ya suɓuto daga ƙofar bas a Oshodi,
inda wani ke suɓutowa kowace Talata.
Aka ce: uku, aka rufe baki da tafin hannu.

Faɗuwa ta zo daidai da zama,
labari ya yi ƙafa, ya haye gada, ya shiga unguwanni.

Nomau da ya fara bugun dutsen
ya koma Gwadabawa, ya noma gero, ya ga jikoki.
Da ya rasu bayan shekara ashirin da biyu
suka ce ta bi shi har gida.
Wace irin la'ana ce ba ta da kuɗin mota,
ta yi shekara ashirin da biyu tana takawa a ƙasa?

Maharbi na tuna kibiyar da ta samu,
goman da suka faɗa ciyawa ba shi da labarinsu.
Sallau yana Apapa yana gadi.
Mati ya je Makka sau biyu.
Ni kuwa, ni na tattara ƙasusuwan da hannuna,
na naɗe su a takardar siminti,
na haƙa musu wuri a gindin katanga.
Ga ni a Agege ina yayyafa wa goro ruwa,
haƙorana uku kawai suka tafi.

Jiya wurin mai shayi wani yaro ya ba ni labarin:
mutum bakwai, kwana arba'in, babu wanda ya tsira.
Na ce masa ina wurin.
Ya dube ni daga hula har silifa, ya yi dariya,
ya ce, Baba, da kana wurin ai da ka mutu.
Na biya kuɗin shayina da nasa.

Na sani, ranar da aka ɗauki makarata
wani zai ce yau ta cika aikinta,
ko da na kai shekara ɗari da ɗaya.

Banki ne yanzu a wurin, hawa goma, gilashi zalla.
In hanya ta kai ni can nakan tsallaka titi,
ba don tsoro ba, haka nake gaya wa kaina.
Akwai ƙwayar murjani ɗaya a gwangwanin asarata,
ban taɓa nuna wa kowa ba.
Wani dare nakan fito da ita in juya a tafin hannu.
Shekara talatin da ɗaya ana ƙirga matattunmu da sunansa,
ba wanda ya tambayi mene ne sunan nasa.