Hoto Na Goma Sha Bakwai

Saura mako uku aka shimfiɗa tabarma
ana shawarar mai hoto.
Yaya Sabi'u ya ce akwai wani yaro a Dutse
mai na'urar da ke tashi sama kamar shirwa,
ta ɗauko rufin gida, da rumbu, da turken awaki.
Gwaggo Tabawa ta ce, "To, rumbun ne zai yi aure?
Kuma ƙato da gemu, ta ina zai wuce zaure
ya iske mata da ɗaurin ƙirji?"
Aka kwashe da dariya, ni dai na sunkuyar da kaina.

Ladiyo ta miƙo waya: ga aikin wanda ya ɗauki bikinta.
Ladiyo baƙa ce mai sheƙi, da bille a kumatu.
Hoton ya wanke ta fes, ya share billen,
har kakarta ta ce, "Wannan baƙuwar fa, daga ina?"
Na ce a'a.
A bar mini wushiryata, a bar mini baƙina.

Sai aka ambaci Barira ta bakin kasuwar Jahun,
wadda ta gaji kyamara da labulen shago wurin mahaifinta.
Baba ya auna riɗi kwano goma sha biyu
aka kai mata kafin alƙalami, aka tsayar da magana.

Ta iso Aujara bayan asuba, a bayan babur,
raɓa ta jiƙa gefen zaninta.
Ba ta ce kowa ya yi murmushi ba.
Ta ce, "A ɗage labule, hasken hantsi ba ya jiran kwalliya."
Ta karɓi koko a kofin silba, ta raɓe jikin jeren kwanuka
har muka manta da ita.
Can sai ka ji ƙyas!
Hayaƙin turaren wuta yana hawa gashina.
Ƙyas! Gwaggo da allura a baki tana kokawa da ɗankwali.
Ƙyas! Ɗanliti ya saci alkaki, zuma har gwiwar hannu.
Ƙyas! Zanen lalle ya nuna jawur a tafin hannuna.

Ni 'yar fari ce.
Shekara ashirin da uku, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba.
"Ke." "Waccan." "Ku ce da yayarku ta zo."
Da Barira ta ce a kira uwar amarya,
saƙo ya dawo daga madafa: waina za ta ƙone.
Na san haka za a yi, kunya gadonmu ce,
ban yi fushi ba,
sai dai wani abu da ya tokare a wuyana.

Bayan sati biyu hotuna suka same ni a Kiyawa,
a sabon ɗaki mai warin fenti.
Ina ƙirgawa ina dariya, har na goma sha bakwai.
Ga ni gaban madubi, ana gyara mini sarƙa.
A kusurwar madubin, tsakanin asabari da bango,
rabin fuska.
Tsinken juya waina a hannu, ƙullu ya bushe a wuyan hannun,
ido ya cika bai zubo ba,
leɓe a buɗe kaɗan, harshe ya taɓa dasashi,
tana kallon bayana.

Na kira Barira. Ta ce, "Tun da na shigo na gan ta.
Sau huɗu tana leƙowa tana komawa.
Na biyar ɗin na jira, yatsana a kan maɓalli, kamar mai dakon fara."

Ban nuna wa Inna ba.
Na san amsarta: faifai take nema, ko ɗaya daga cikin yara.
Na sa shi ƙarƙashin akwati, cikin zanen da ta ba ni.
In dare ya yi, maigida ya tafi hira dandali,
nakan haska fitila a kan leɓen nan,
in gwada da nawa bakin, harshe a dasashi.
Daga nan ake farawa
in za a ce Lantana.