Ɗakin Ajiya, Kilo Bakwai

A Jidda, bayan Isha'i,
an rufe ƙofar mata, an saki labule biyu.
Miksata na can ciki, kusa da kujerar amarya,
ni ina ɗakin ajiya
tsakanin kwalayen ruwa da karyayyun kujeru,
kwamfuta a cinya,
da shuɗiyar waya da ta bi ƙarƙashin ƙofa
ta shiga inda ban isa in shiga ba.

Layi goma sha shida a kan allo.
Na ɗaya na Hajiya Turai ne, mai rera baiti;
muryarta na da ƙarfe a sama,
sai na ɗan goge mata shi, ba ta sani ba.
Na uku bandiri. Na huɗu wani bandirin
wanda sanyin zaure ya sa fatarsa ta saki.
Na tara babu kowa,
makirufo ne da aka manta a kan teburin gahawa,
ina jin ƙarar kofuna
da wata tsohuwa tana tambayar jikar wa ce wannan.
Na kashe shi. Ba nawa ba ne.

In na ja linzami nan,
can maɓalli zai tashi shi kaɗai.
Ƙanwata Lantana ta ce yara na taruwa su kalla,
wai aljani ne ke aikin dare.
To, aljanin na cin sambusa mai sanyi,
gwiwarsa na ciwo.

Babana ya yi sana'ar nan da yatsu,
yana manna takarda, yana rubuta sunaye da biro.
Ni na adana daren jiya a cikin manhaja,
na kira shi yau, ya dawo cif,
amma zauren yau ya ƙi yarda:
jikin mutane na shan sauti,
kuma yau sun fi yawa.

Ƙarfe ɗaya saura,
duk koren allo ya haura ruwan ɗorawa,
ya taɓa ja.
Guɗa ce.
Amarya ta shigo ke nan.
Ban ga lalle ba, ban ga zinariya ba,
ƙanshin bahur kawai ya biyo wayar ya same ni.

Dokar aiki ta ce in rage.
Na ɗora yatsa,
na ƙirga uku,
na bar jan ya ɗan daɗe.