Kuɗin Tsakiya

Da sassafe suka same ni a bakin Kwara, a Yawuri,
ina kwarfe ruwan da ya kwana a jirgi.
Su uku ne: Ragunat na injin casar shinkafa,
Parasmal mai riƙe musu lissafi,
da likita Kamble, wadda ta taɓa ɗinke mini dunduniya.
Ba haye za su yi ba, in ji su.
Tsakiya kawai.

Shekara talatin ina riƙe da filafili,
ba wanda ya taɓa biyana kuɗin tsakiya.

Ragunat ya tuɓe riga, ya ɗaura farin zane.
Wani zare ya ratsa ƙirjinsa,
ya sauya masa kafaɗa daga hagu zuwa dama.
Yau shekara guda da rasuwar ubansa,
kuɗin komawa gida kuma sun gagara.
Ya dunƙula dafaffiyar shinkafa da baƙin riɗi,
uku: na uba, na kaka, na uban kaka.
Ya kamfaci ruwa ya sake shi ta gindin babban yatsa,
yana kiran sunayen da harshena ba zai iya ɗauka ba.

Na ce, ai wannan ba kogin garinku ba ne.
Ya ce, ruwa ba shi da bare.
Rai fasinja ne, mai jirgi, ka fi kowa sani:
in wannan kwalekwale ya ruɓe, wani yake shiga,
da kayan da ya ɗaure da hannunsa,
har ranar da zai gane shi da kogin abu guda ne.

Likita ta tsoma yatsa a ruwa.
Ta ce, mu a gidanmu ba mu ga fasinja ba.
Dubi igiyar can, ta tura ta gabanta, ta kwanta.
Wace ce ta isa gaɓa?
Ta faɗa a hankali, don mutum na makoki.

Parasmal bai tanka ba.
Yana can yana ceto wata tururuwa da tsinke.
Shekara shida yana zaune a garin albasa
bai taɓa sa ta a baki ba,
wai tumɓuke ta rushe gidan dubban rayuka ne.
Sai da tururuwar ta bushe ƙafa ya ce:
na wannan gaɓa ya rantse ruwa hagu ya nufa,
na waccan ya rantse dama.
Ba maƙaryaci a cikinsu, ba kuma wanda ya gama magana.

Ya dubi komata.
Ban san lokacin da na ja buhu na rufe ta ba.

Dunƙulen suka nutse ɗaya bayan ɗaya.
Ƙananan karfasa suka taso suna wawaso.
Ragunat ya yi murmushi, hawaye na bin gemunsa:
an karɓa.

Ni na san tawa hanyar.
Zuwa ɗaya ne, sai kabari, sai tashi.
Amma nawa uban, Tunau, ba shi da kabari.
Nan wajen, shekarar babbar ambaliya,
ruwa ya karɓe shi, hularsa kaɗai ya maido.
Na karanta masa Ƙulhuwa ƙafa uku a zuci,
na riƙe jirgin kada ya juya
har baƙona ya gama.

A gaɓa, Parasmal ya tambayi kuɗin tarwaɗar da ke cikin bokitina.
Na faɗa, har da ƙari. Bai taya ba.
Ya kai ta bakin ruwa ya karkata bokitin.
Ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta tafi.

Kuɗin suna aljihuna har la'asar.
Ranar ban jefa koma ba.
Washegari na jefa.