Minti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe huɗun asuba a Bakersfield,
ko karen maƙwabci bai yi haushi ba.
Na ɗora akwatin ƙanƙara a bayan mota,
lemo, burodi, ruwa kwalba shida.
Itzel ta fito da takalman ƙwallo a hannu,
ido ɗaya a buɗe, ɗayan yana wurin barci.

Awa huɗu da ɗoriya zuwa Las Vegas,
hanya miƙaƙƙiya kamar bashi.

Jiya Noemi tana ninke kaya ta ce:
"Anselmo, dala dubu uku kuɗin kulob,
ban da riga, ban da mai, ban da otal.
Haƙorinka fa? Tun bara yake jiran likita."
Na ce ai haƙori ɗan'uwan haƙuri ne.
Ba ta yi dariya ba.

Ni mai shimfiɗa tayil ne a banɗakin masu hali,
gwiwata ta san sanyin kowane gida a kan tudu.
Na iya awo, na iya lissafi.
Na san cikin yaran da ke tsere a filin nan
ƙalilan ne jami'a za ta ɗauke wa kuɗin karatu.
Na sani. Koci ma ya sani,
shi da murmushinsa mai tsada.

A bakin fili mun jera kujerun ninkewa:
likitan ido, matar lauya,
Misis Vanderhoek ƙarƙashin laimarta,
sai ni da hula mai tabon siminti.
Ihunmu ɗaya,
amma kowa na satar kallon takalmin 'yar wani.
Wannan makoma yake saye,
wancan abin faɗi a ofis ranar Litinin.
Wata ta raɗa mini:
"Gara nan da waya a ɗaki, ƙofa a kulle."

Ni fa, me nake saye?

A Michoacán, ina kamar shekarunta,
ƙwallonmu tsumma da igiya,
ragarmu duwatsu biyu.
Wani ya zo daga Morelia da littafi a hammata,
ya ce in je gwaji ranar Asabar.
Kuɗin mota ne babu. Kuɗin mota kawai.
Babana ya kalli ƙasa, na kalli ƙasa,
ƙasar ba ta ce komai ba.
Asabar ɗin a gonar fiya na wuni.

Yau benci ya riƙe Itzel har bayan hutun rabin lokaci.
Minti goma sha ɗaya ta buga, na duba agogo.
Sau huɗu ta taɓa ƙwallo,
ɗaya ta ƙwace a ƙafar doguwa mai lamba tara.
An ci mu biyu da nema.

Da muka kama hanya, kaina ya soma
raba daloli da mintoci.
Na tsawata masa.

Wajen Barstow rana ta faɗi.
Ta tuɓe safa, ta miƙe ƙafa,
mota ta cika da warin ciyawa da gumi.
A gida maganarta ba ta wuce
"lafiya", "na ƙoshi", sai ƙarar ƙofa.
A nan kuwa bakinta ya kwance:
Priyanka ta daina gaishe ta,
malamin lissafi yana rina gemu,
akwai wani yaro, a'a, ba komai, manta kawai.

Can sai ta ce: "Baba, in na ce na gaji fa?"

Sitiyari ya yi nauyi a hannuna.
Yaron nan mara takalmi da ke zaune a ƙirjina
ya miƙe zai yi magana.
Na dafa kafaɗarsa, ya koma ya zauna.
"In kin gaji, kin gaji, 'yata."

Shiru har mil biyu.
"Ban gaji ba. Tambaya ce kawai.
Ka ga yadda na ƙwace ta?"
"Na gani."
"Da gaske ka gani?"
"Har kujerata ta kife."

Ta yi barci kafin Mojave, baki a sake.
Haƙorin ya tashi da zoginsa,
na danne shi da harshe.
Wata mai zuwa San Diego.
Ban gaya wa Noemi ba tukuna.